Wai da gaske akwai ƙibar "homon"? Fashin baƙi kan ƴan ƙwayoyi biyu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa

Mace ta ƙara kilo 15 cikin shekara guda, tana rantsuwa kwanon tuwonta bai canja ba. Yaro ɗan shekara 9 yana ta cika, amma zanen tsayinsa da aka yi a jikin bango yana nan inda yake tun bara. A zaurukan WhatsApp na matan Zinder, da wajen biki da suna, amsar da ta fi yawo yanzu ita ce "homon ne". Wasu kuma su ce babu wani homon, ci ne da kwanciya. Tun da labarin alluran rage ƙiba irin su Ozempic ya shigo wayoyin mutane, gardamar ta ƙara zafi. To, shin akwai ƙibar da ciwon cikin kai ke haddasawa? In akwai, ta yaya ake bambanta ta da ƙibar yau da kullum?

Akwai ta, amma a cikin masu ƙiba ƙalilan ne ke da ita, kuma ba ta zuwa ita kaɗai, sai da rakiyar wasu alamu. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, nau'inta da aka fi gani ba a cikin kai yake farawa ba, a faranti ake sayo shi wajen mai tallan magani.

Fada, waziri da hakimai

A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai bayan tsakanin idanu, akwai wani yanki da bai wuce giram 4 ba, wanda likitocinmu ke rubutawa da sunan ipotalamus. Shi ke lura da yunwa da ƙoshi, ƙishirwa, zafin jiki, barci da balaga. A ƙasansa kuma wata ƴar ƙwaya ce ke rataye da siririn tsinke, girmanta kamar ƙwayar wake, nauyinta kusan rabin giram, tana zaune cikin wani gurbin ƙashi mai kama da sirdi. Ita ce ipofiz, wadda masu karatu da Ingilishi ke kira fituwitari. A samanta kaɗan ne jijiyoyin idanu biyu suke gittawa juna, kuma wannan maƙwabtaka za ta dawo mana a gaba.

Homon saƙo ne da ake zubawa cikin jini. Tsarin ya yi kama da na fada: ipotalamus ne ke jin rahoton ƙasa ya yanke shawara, ipofiz ce wazirin da ke tura ƴan aike, hakimai kuma su ne sassan jikin da ke karɓar umarni. Ɗan aike mai suna ACTH yana zuwa wajen wasu ƴan huluna biyu da ke saman ƙoda, su fitar da kortizol. TSH yana zuwa tiroyid da ke gaban wuya, wurin da maƙoƙo ke fitowa. LH da FSH suna zuwa ƙwan mace da marainan namiji. GH na girma ne, furolaktin na ruwan nono, sai kuma wani da ke gaya wa ƙoda ta riƙe ruwa. Idan abin da hakimi ya fitar ya wadata a jini, fada takan rage aike. Idan ya yi kaɗan, ta ƙara. Duk wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ta komowar rahoto zai gane sauran bayanin ba wahala.

Rumbu cike, maigida na kukan yunwa

Kitsen jiki rumbu ne, kuma rumbun nan yana aika rahoto. A 1994 ne Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller da ke New York suka gano homon ɗin da kitse ke fitarwa, aka sa masa suna leftin. Yawan kitse, yawan leftin. Shi ke shaida wa ipotalamus cewa akwai hatsi a ajiye, a sassauta ci. A 1999 kuma masu bincike a Japan suka gano girelin, wanda ciki ke fitarwa idan ya zama wayam.

Idan ipotalamus ya lalace, rahoton leftin ba ya samun mai saurare. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka shekarar fari ce, ta kafa dokar fari: yunwa ba ta yankewa, jiki ya rage ƙona abin da aka ci, mutum ya yi ta kasala da barcin rana, insulin, homon ɗin da ke sarrafa sukarin jini, kuma ya hau yana tura duk abin da ya shigo cikin kitse. Wannan ɓangare na rage ƙonawa shi ne mutane ba su sani ba. Wasu marasa lafiyar ba su ma ci fiye da ƴan'uwansu, amma suna ta hauhawa. Tun 1901 Alfred Fröhlich ya bayyana haka a Vienna, a jikin wani yaro mai ƙari a wannan wuri, wanda ya yi ƙiba kuma balagarsa ta tsaya. A 1940 Hetherington da Ranson suka nuna cewa lalata ɗan wannan wuri a ƙwaƙwalwar ɓera ya isa ya mai da shi jibgege.

Abin da ya fi kawo wannan lalacewa shi ne wani ƙari da ake kira kiraniyofarinjiyom. Ba kansa ba ne, amma wurin da yake tsirowa ne mugu, kuma yana kama yara da manya. Kusan rabin yaran da aka yi wa aikinsa sukan yi ƙiba mai tsanani, kuma hauhawar ta fi sauri a watanni 6 zuwa 12 na farko bayan aikin. Shi ya sa tun kafin a sallami yaro ya kamata a zauna da iyaye kan abincinsa. Wasu sababban sun fi kusa da mu: buguwar kai a haɗarin kabu-kabu, sanƙarau, da tarin fuka idan ya hau kai, don gindin ƙwaƙwalwa yake fi kamawa.

Akwai kuma waɗanda da matsalar aka haife su. Cutar Prader-Willi, da aka bayyana a Zurich a 1956, tana farawa da jariri lagwaf wanda ba ya iya tsotso, sai bayan ƴan shekaru ya juye ya zama yaron da ba ya ƙoshi, har a koma kulle kicin. Wasu yaran kuma maɓallin ƙoshi ne, mai suna MC4R, ya zo da tangarɗa. A yankin da iyaye mata suka saba da awon damtsen yaro saboda tamowa, yaro mai ƙiba abin godiya ne, ba wanda zai yi tunanin kai shi likita. Ga ma'aunin da ya kamata kowace uwa ta sani: yaron da cin abinci ya sa shi ƙiba yawanci dogo ne a cikin sa'o'insa. Yaron da ke ƙara nauyi amma tsayinsa ya tsaya, wannan a bincika shi. Idan kuma da ciwon kai da amai da safe, ko yawan shan ruwa da fitsarin kwance bayan ya daina, kada a jira.

Kortizol: ƙibar da ke cinye tsoka

Nan ne maganar ta fi shafar Zinder. Kortizol homon ne da rai ba ya yiwuwa sai da shi: yana riƙe hawan jini da sukarin jini, yana taimakon jiki ya jure zazzaɓi da rauni. Yana hawa da asuba, ya sauka ƙasa sosai tsakar dare. Idan ya yi yawa na tsawon watanni, sai ya shiga rushe tsoka, fata da ƙashi, ya mai da su sukari, sukarin kuma ya koma kitse a wuraren da ya zaɓa: cikin tumbi, kumatu, doron wuya da saman ƙashin wuya. Sakamakon shi ne mutum mai fuska zagaye kamar faifai, ƙaton ciki, tozo a ƙeya, amma cinyoyi da damatsa sun tsotse, mazaunai sun zube.

Alamun da suka fi raba wannan ƙiba da ta yau da kullum alamun rushewa ne. Nankarwa mai faɗi fiye da santimita 1, mai launin ja-ja ko shunayya, a ciki da cinya da hammata. A baƙar fata launin ba ya fitowa sosai, sai a duba faɗin da lotsawar. Fata ta yi siriri, ƙaramin bugu ya bar tabo, gyambo ya ƙi warkewa. Tashi daga tsugune ko daga sujada ya gagara sai an dafa ƙasa. Sai hawan jini da ciwon sukari ga mai ƙananan shekaru, rikicewar al'ada, gashi a haɓar mace, rashin barci, saurin fushi, da karyewar ƙashin baya ba tare da faɗuwa ba. Mai ƙibar abinci yawanci cinyarsa da ƙarfinta, don kullum tana ɗauke da kaya.

Idan ƙaramin ƙari a ipofiz ne ke ta tura ACTH ba kangado, ana kiran abin cutar Cushing, da sunan likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Harvey Cushing, wanda ya danganta ta da ipofiz a 1932. Ta fi kama mata, amma ba ta da yawa ko kaɗan: mutum biyu zuwa uku a cikin miliyan a shekara. Wato birni kamar Zinder zai iya ƙare shekara da sabon mutum ɗaya kacal, ko ma babu.

Amma masu wannan kama a gari sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma dalilin a jaka yake. A duniya baki ɗaya, maganin da aka sha ne kan gaba wajen jawo wannan yanayi. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe", waɗanda ƴan mata ke sha gab da aure ko don kada a ce gidan miji bai karɓe su ba, galibi haɗi biyu ne. Ɗaya sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da ke buɗe ciki ta hanyar toshe saƙon ƙoshi a ipotalamus, ya kuma sa barci. Ɗayan deksametazon, ɗan'uwan kortizol da aka ƙera a masana'anta. A yi lissafi: miligiram 0.75 na deksametazon daidai yake da miligiram 20 na idrokortizon (kortizol ɗin da ake bayarwa a matsayin magani), wato kusan abin da jiki ke bukata a yini. Ƙwaya guda miligiram 0.5 ce. Wadda ke shan biyu safe biyu yamma ta kusa ninka bukatar jikinta sau uku, kuma ƙarfin maganin yana wuce yini ɗaya da rabi a jiki, don haka saukar nan ta tsakar dare ta ɓace ke nan. Cikar da ake yabawa a makonnin farko ruwa ne da gishiri da kitsen kumatu. Hips ɗin da aka shiga nema kuwa, shi maganin ke fara ci.

Hanya ta biyu ita ce fata. Da yawa daga mayukan bilicin suna ɗauke da kulobetazol ko betametazon. Shafa su a duk jiki kullum, ga zafi da gumi, yana sa su ratsa su shiga jini. Ta uku kuma tsofaffi ce ta fi kamawa: ƙulle-ƙullen maganin ciwon gaɓoɓi da allurar ciwon baya da ake maimaitawa duk wata. A duba jikin kwali. Sunan da ya ƙare da "sone", "solone" ko "sol" abin tambaya ne a farmasi.

Haɗarin da ya fi kisa yana wajen dainawa. Da fada ta ga kortizol ya cika jini, sai ta daina tura ACTH, ƴan hulunan ƙoda su yi barci har su ƙanƙance. Shan maganin fiye da makonni 3 ya isa fara wannan. Ranar da aka yanke shi kwatsam, jiki ba shi da na waje ba shi da na gida: amai, ciwon ciki, jiri, jini da sukari su faɗi, in da zazzaɓin cizon sauro a kai har a rasa rai. Dole sai an rage shi sannu a hankali a hannun likita, kuma farfaɗowar jiki na iya ɗaukar watanni 6 zuwa shekara.

Gwaji, da abubuwan da ke ɓata shi

Matakin farko ba ya cin ko dala: a zazzage wa likita duk abin da ake sha da wanda ake shafawa, har na gargajiya da kayan mata. Ɓoye wannan yana jefa bincike cikin daji. Mai shan deksametazon kamanninsa na mai yawan kortizol ne, amma analiz zai nuna kortizol ɗinsa a ƙasa, don na jikinsa ya kwanta. Likitan da ba a gaya masa gaskiya ba sai ya yi ta rubuta gwaje-gwaje masu tsada.

Idan an tabbatar babu magani a ciki, auna kortizol sau ɗaya da rana ba ya nuna komi, tunda hawa da sauka yake yi. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a sha miligiram 1 na deksametazon da ƙarfe 11 na dare, a ɗebi jini da ƙarfe 8 na safe. A jiki mai lafiya fada za ta ja baya, kortizol ya sauka ƙasa da nanomol 50 a lita. In bai sauka ba, sai a tabbatar da wani gwajin, kamar tara fitsarin awa 24. Abubuwa uku sukan ba da sakamakon ƙarya: ƙwayoyin tazarar haihuwa masu estorojin (homon ɗin mata), rifamfisin na tarin fuka, da magungunan farfaɗiya irin su karbamazefin da fenobarbital. Na farkon yana ɗaga adadin da ake aunawa, sauran kuma suna sa hanta ta ƙone deksametazon tun kafin ya yi aiki.

Hoton kai na IRM shi ne na ƙarshe, ko da yake shi mutane suka fi so a fara da shi. Dalili kuwa, kusan mutum ɗaya cikin goma masu cikakkiyar lafiya, in aka ɗauki hoton ipofiz ɗinsu, za a ga ɗan ƙarin da ba ya komi. Wanda ya fara da hoto zai iya kashe kuɗin tafiya Yamai, ya dawo da tsoron abin da ba shi ne ciwonsa ba.

Bayan haihuwar da jini ya ɓalle

Lokacin goyon ciki ipofiz tana kumbura, har ta kusa ninkawa, don shirin ruwan nono, amma hanyoyin jininta ba su ƙaruwa daidai da haka. Idan jini ya ɓalle wajen haihuwa har mace ta galabaita, wani sashe na ipofiz yakan mutu. Harold Sheehan ne ya bayyana haka a 1937. A ƙasashen da haihuwa ke da tsaro cutar ta kusa ɓacewa. A Nijar, inda mace ke haihuwa kusan sau shida a matsakaici kuma da yawa a gida, tana nan.

Alamar farko ita ce nono ya ƙi zuwa. Daga nan al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata da na mara ya zube, fata ta bushe ta koɗe, ana jin sanyi ko cikin watan Afrilu, ga gajiya da mantuwa. Sau da yawa a kan ce wankan jego ne bai yi kyau ba, ko iska, sai a shafe shekara goma ana fama. Game da jiki, ba ƙatuwar ƙiba take kawowa ba. Wata kumburin fuska za ta yi, wata ma ramewa, amma a ciki tsoka na raguwa, kitse na taruwa a tumbi, ƙashi na yin laushi, saboda homon ɗin girma, na tiroyid da na mata duk sun yi ƙasa tare. Tarko biyu ne a nan. Na farko, TSH na iya fitowa daidai alhali tiroyid ba ta aiki, tunda wazirin ne ya rasa murya; dole a auna T4, homon ɗin da ita tiroyid ɗin ke fitarwa. Na biyu, idan kortizol ma ya yi ƙasa, shi ake fara mayarwa kafin maganin tiroyid. Juya wannan jeri na iya kai mace ga suma.

Sauran ƴan aiken a taƙaice

Ƙarin da ke fitar da furolaktin shi ne mafi yawa cikin ire-iren ƙarin ipofiz masu fitar da homon. Mace za ta ga al'ada ta ɗauke, ruwan nono na fita ba goyo, ciki ya ƙi shiga. Namiji kuma sha'awa da ƙarfi ke raguwa, kuma da yake kunya ke hana shi magana, yakan zo ne bayan ƙarin ya girma. Ƙibar da ke tare da shi matsakaiciya ce. Daɗin abin, yawanci ba a bukatar tiyata: kabergolin sau ɗaya ko biyu a mako yana ƙanƙantar da ƙarin. Kafin a zargi ƙari dai a tabbatar ba ciki ba ne, ba kuma maganin amai na metokulofuramid ko na taɓin hankali ba, don su ma suna ɗaga furolaktin.

Homon ɗin girma yana da ban sha'awa domin fuskoki biyu yake nunawa. Babban mutum da ya rasa shi yakan tara kitse a tumbi, tsoka ta ragu, ko da sikeli bai motsa sosai ba. Wanda kuma ya yi masa yawa, wato cutar akromegali, nauyinsa na ƙaruwa amma kitsensa raguwa yake: ƙashi, tsoka da ruwa ne ke ƙaruwa. Zobe ya daina shiga, lambar takalmi ta canja bayan shekara 30, haƙora su buɗe, muƙamuƙi ya turo gaba, ga minshari da ciwon sukari. Tsohon hoton katin ɗan ƙasa yakan nuna canjin fiye da madubi.

Ita kuwa tiroyid da kowa ke ɗora wa laifi, ko ta mutu murus abin da take ƙarawa bai cika wuce kilo 2 zuwa 5 ba, kuma yawancinsa ruwa ne. Ba ta bayanin kilo 30.

Masu cewa ci ne, da masu cewa homon ne

Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na da ƙibar da ta kai cuta. Ƙarin ipofiz ba zai iya bayanin wannan ba. Abin da ya canja a garuruwanmu a fili yake: shinkafa da taliya da mai sun danne gero, shayi uku da sukari, lemon kwalba, babur har zuwa bakin masallacin unguwa. Likitan da ya ƙi rubuta gwajin homon ga kowane mai teɓa yana da hujja. Ƙari ga haka, ita kanta ƙiba tana jirkita homon: tana ɗan ɗaga TSH, tana rage homon ɗin girma, tana rage na maza. Wanda aka auna aka ga haka sai ya ɗauka ya gano sanadi, alhali sakamako ya gani, kuma yakan daidaita in nauyi ya sauka.

Amma masu cewa "ba laifina ba ne" su ma ba shirme suke ba. Ko ƙibar yau da kullum ta ipotalamus take bi: yawan leftin na shekaru yana sa kunnensa ya yi nauyi, kuma da mutum ya rame, jiki ke ƙara yunwa ya rage ƙonawa don ya koma inda yake. Gado na da hannu sosai. Gori bai taɓa ramar da kowa ba, sai dai ya hana mai ciwon gaske zuwa asibiti. Alluran nan na semagulutid, wato irin su Ozempic, ma a wannan wuri suke aiki, suna ƙara jin ƙoshi. A gwajinsu an ga raguwar kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi cikin makonni 68. Sai dai suna bukatar firij, suna da tsada, nauyin yakan dawo in an daina, kuma ba su cire ƙari. Mai Cushing da ya rame da allura, kortizol na nan yana cin ƙashinsa.

Awon da ya fi sikeli

Sikeli ba ya bambanta kitse, tsoka da ruwa. Lissafin da ake yi a asibiti shi ne a raba nauyi da tsayi sau tsayi: mai kilo 80 da mita 1.60, an raba 80 da 2.56, ya ba da 31. Daga 30 ake kiran ƙiba. Amma tef ɗin tela ya fi faɗin gaskiya kan kitsen da ke da haɗari. A auna ƙugu a tsaye, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, bayan an saki numfashi. Santimita 80 ga mace, 94 ga namiji, daga nan ake fara lura. Mafi sauƙi ma, ƙugu kada ya wuce rabin tsayi. A haɗa da awon tsakiyar cinya: ƙugu na ƙaruwa cinya na raguwa, wannan zance ne na likita.

Akwai gwajin ido da za a iya yi a tsakar gida. Ƙarin ipofiz idan ya girma sama yake turawa, ya danne mahaɗar jijiyoyin ido, sai ganin gefe na waje ya fara tafiya a idanu biyu. Mutum ya riƙa bugun bakin ƙofa, ko babur ya fito masa daga gefe bai gani ba. A rufe ido ɗaya, a kafe ɗayan kan hancin wanda ke zaune a gaba, shi kuma ya riƙa shigo da yatsa daga gefe. Idan sai yatsan ya kusa tsakiya ake ganinsa, wannan na gaggawa ne, don ganin da ya daɗe a danne ba ya dawowa.

Mai zuwa babban asibitin ƙasa na Zinder da irin wannan koke ya tafi da karne ɗinsa, tsoffin hotunansa na shekarun baya, kwalayen magunguna da mayuka, da ranakun al'ada in mace ce. Ga yaro, awon tsayinsa na baya ya fi kowace takarda daraja.

Magani, da zama da cutar cikin zafin Damagaram

Yawancin ire-iren ƙarin ipofiz ta hanci ake ciro su, ba a fasa kai, kuma a hannun ƙwararre mafi yawan masu ƙaramin ƙarin Cushing sukan warke, ko da yake yana iya dawowa bayan shekaru, don haka ba a daina bibiya. Fuska da tumbi sukan ɗauki watanni kafin su sauka, ƙarfin cinya ya fi haka jinkiri. Ƙibar ipotalamus ce mai taurin kai. Akwai sabon magani, setmelanotid, da Amurka ta amince da shi a 2020 don wasu nau'o'in gado, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Abin da ke hannu shi ne tsari: lokutan ci tsayayyu, cire sukari da lemo gaba ɗaya, rage fura mai zaƙi da taliya, ƙara wake, ganye da ƙwai, tafiya kullum, da gidan da kowa ya yarda cewa yunwar yaron ciwo ce.

Wanda ipofiz ɗinsa ta gaza zai rayu kan mayar da abin da ya rasa. Idrokortizon miligiram 15 zuwa 25 a yini, a raba biyu ko uku, kaso mafi girma da farkawa. Wuce haka ba dalili yana mai da shi mai Cushing da hannun likita. Ranar zazzaɓi kuwa ninkawa ake yi har ya sauka, in kuma amai ya hana ƙwaya zama, allurar miligiram 100 ce da ƙarin ruwa ba tare da ɓata lokaci ba. Ya kamata ya riƙa yawo da takarda mai bayanin haka, ƴan gida ma su sani.

Wanda ya rasa homon ɗin riƙe ruwa yakan yi fitsari fiye da lita 3 a yini, fari tas, ba sukari a ciki, yana ta neman ruwan randa dare da rana. Maganinsa desmofuresin ne. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ƴan awoyi ba ruwa sun isa su ɗaga gishirin jininsa zuwa matakin ruɗewa, musamman idan lalacewar ipotalamus ta tafi da jin ƙishirwar ma. Irin wannan da awo ake ba shi ruwa, ana kuma ɗora shi kan sikeli kowace safiya. Shi da mai shan idrokortizon, su zauna da likitansu makonni kafin watan azumi, a duba ko jikin zai ɗauka, a sake tsara lokutan magani tsakanin sahur da buɗa-baki, sannan su kai wa malaminsu bayanin likitan don hukuncin rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya.